Tan Goma Sha Ɗaya a Saman Jirgi

Ban taɓa ganin teku da idona ba sai da na haura shekara ashirin da bakwai, amma yau in ka tambaye ni sana'ata sai in ce maka zanen jiragen ruwan soja. Ni ɗan Zariya ne. Babban ruwan da na sani ina yaro shi ne Kubanni, shi ma in rani ya yi tsallake shi ake yi. Karatu ne ya kawo ni Amurka, karatun ya miƙa ni ga aiki, aikin kuma ya ajiye ni a wani ƙaramin kamfani a Washington, a hawa na huɗu na wani gini mai kallon kogi. Mu ba ma ƙera jirgi. Zana shi muke yi a kwamfuta, mu lissafa shi, mu miƙa wa maƙeran da ke can bakin teku, nesa da mu. Sau da yawa jirgin da ka ƙarar da shekara uku a kansa a hoto kawai za ka gan shi.

Rabona a aikin shi ne nauyi. Duk abin da zai shiga jirgi, daga injin har gadon da soja zai kwanta a kai, sai ya biyo ta jadawalina: mene ne nauyinsa, kuma a wane tsayi za a ɗora shi. Tsayin ne abin tsoro. Wanda ya taɓa ganin tirelar da aka jibga wa buhuna har sama tana shan kwana a hanyar Kaduna ya riga ya fahimci rabin aikina. Jirgin soja kuwa kowa sama yake so. Masu rada, wato na'urar hango abu daga nesa, sama, masu eriya sama, masu makamai ma sama. In nauyin sama ya yi yawa, igiyar ruwa ta kwantar da jirgi, ba zai yi saurin miƙewa ba. In ya ƙara yawa, ba zai miƙe ba sam, da mutane a cikinsa. Shi ya sa ake barin rara a lissafi, wato ɗan gurbin nauyi da ake ajiyewa saboda abin da ba a hango ba. Ni ne mai gadin wannan rara. Duk wanda ya nufo teburina abu yake so ya ƙara, ni kuma amsata ɗaya ce. Ba sana'ar da take jawo wa mutum abokai ba ce.

A lokacin ina zaune a Germantown, can bayan garin Washington, a ɗaki ciki da falo, ni kaɗai. Matata tana Kano tana jiran takardu, an shiga shekara ta biyu ana ce mana ana kan dubawa. Da safe in hau jirgin ƙasa zuwa cikin gari, da yamma in hau in dawo, kuma a duk shekarun nan ban tuna ranar da wani ya ce mini uffan a cikin jirgin ba, ban da mai duba tikiti. Maƙwabcina na ƙofa da ƙofa, muryar karensa na fi sani a kan tasa. Abin ya dame ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na tashi a gidan da ba a cin abinci mutum ɗaya, sai ga ni ina cin shinkafa a tsaye gaban tukunya don kada in ɓata faranti.

Mutanenmu suna nan, ba wai babu ba. Wani lokaci nakan je Lanham, wani gari da ke kusa, in an yi suna ko walima. Sai dai aikina na da wata doka: ba a maganarsa a waje. Na sa hannu a kan haka. To, ka san mu, gaisuwa ba ta cika sai an tambayi aiki. Na tuna wani taron suna da wani ɗan Nijar mai aikin rediyo ya riƙe ni da hira.

"Injiniya, wai wane irin bato kuke yi ne? Babba ko ƙarami?"

Jirgin ruwa yake nufi da Hausarsu. Na ce, "To, muna dai taɓawa."

Wata nas 'yar Jos da ke zuba mana abinci ta ce, "Ka bar shi, aikinsa sikiret ne. Mu da muke shif na awa goma sha biyu muna da bakin hira, shi kuwa ko a wikend bakinsa a kulle." Sannan ta juyo gare ni. "Tsakani da Allah, ka ma iya iyo?"

Na ce ban iya ba. Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don gaskiya ce har yau. Amma daga nan hira ta wuce ta bar ni. Mutumin da ba ya ba da labari, a hankali ake daina ba shi.

Mutum ɗaya ne ya hana ni bushewa a ƙasar nan a waɗannan shekaru, wato shugaban sashen ƙarafa na kamfaninmu, mai lissafin gangar jikin jirgi. Bature ne, ya haura sittin, ga manyan yatsu irin na wanda ya taɓa aikin ƙarfi, kuma ya ce mini mahaifinsa mai walda ne a wurin ƙera jirage. Ya yi ta fama in riƙa kiran sunansa gatsal kamar yadda kowa yake yi, bakina ya ƙi. "Sa" nake ce masa, a raina kuma Dattijo. A satina na biyu ya tarar da ni ina cin abincin rana a gaban kwamfuta, ya ce in ɗauko in biyo shi. Ya kai ni wani benci a bakin kogi. Tun daga ranar, in dai ba ruwa ake yi ba ko ƙanƙara, ƙarfe sha biyu tana yi sai ya ƙwanƙwasa teburina da yatsa biyu ya wuce, in bi shi.

Shi ne kaɗai zan iya yi wa maganar aiki, shi ne kuma kaɗai yake tambayata abin da ba aiki ba. Ya san lokacin da takardun matata suka motsa da lokacin da suka tsaya. Da azumi yakan ci abincinsa a ofis tukuna, sannan ya zo mu zauna a bencin hannu rabbana. Wata rana na zana masa yadda maginanmu suke ɗaurin guga da azara da ƙasa, ya karɓi takardar ya juya ta ƙasa ta koma sama, ya ce, "Ai wannan haƙarƙarin jirgi ne! Mutanenka sun daɗe suna ƙera jirgi, ruwa ne kawai ba su samu ba." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ran nan da farin ciki na koma gida. In an raba ni da wannan awa ɗaya ta bakin kogi, ba ni da sauran wanda zan yi magana da shi daga Litinin har Juma'a, kuma na san haka sarai.

Muna aikin wani jirgin sintiri ne a lokacin. A samansa akwai hasumiya, wadda take ɗauke da rada da eriyoyi, kuma ita ce abu mafi tsayi a jirgin. Da farko da alminiyam aka zana ta saboda rashin nauyi. Daga baya masu jirgin suka ce ba su yarda ba, alminiyam yana tsagewa in ya daɗe yana shan jijjiga, kuma ba ya jure wuta, a mayar da ita ƙarfe. Takardar canjin ta zo ne Dattijo yana asibiti an yi masa aiki a gwiwa. Yaransa suka gyara zanen, amma ba wanda ya taɓa takardar nauyi. Da ya dawo yana ɗingishi, tarin takardu na jiransa, ya sa hannu a kan ta nauyin kamar yadda take, ya aiko mini.

Ranar Litinin na gano. Ina kwatanta zane da jadawali, sai na ga kaurin farantan hasumiyar bai yi daidai da adadin da aka ba ni ba. Na sake lissafi sau uku. Bambancin tan goma sha ɗaya ne. A ƙasan jirgi wannan ba abin tashin hankali ba ne, amma a can ƙololuwa ya isa ya cinye kusan duk rarar da nake gadi. Ga shi ranar Alhamis za a yi zaman bita, inda za a amince da lissafin a wuce gaba.

Abin da ya kamata in yi ba shi da wuya. In tashi, in taka taku goma sha biyu, in ce, "Sa, adadin nan na alminiyam ne." Yanzu na san haka. Amma a gidan da na tashi, yaro ba ya ce wa babba ka yi kuskure, ko da gaskiyarsa. In dole ta kama, sai ka zagaya, ka ajiye maganar a inda zai tsince ta da kansa, ya gyara, kai kuma ka yi kamar ba ka gani ba. Ba tsoro ba ne, ladabi ne, kuma ban taɓa zaton ladabi zai iya zama laifi ba. Ballantana wannan mutum, da ya dawo daga asibiti yana jan ƙafa, matasan ofis har sun fara raɗe-raɗin cewa lokacin hutunsa ya yi. Ni zan ƙara musu abin faɗa? Sai na shiga yi masa hannunka mai sanda.

Ranar Litinin ɗin a benci na ce, "Sa, na ji an taɓa wasu abubuwa a hasumiya kana asibiti."

Ya ce, "Kullum taɓawa suke yi. Mai jirgi bai san abin da yake so ba sai ya ga ka gama." Ya ci gaba da cin tuffarsa.

Ranar Talata na buga takardar canjin, na ja layi a ƙarƙashin kalmar ƙarfe, na ajiye a tsakiyar teburinsa kafin ya iso. Da na wuce da hantsi sai na ga ya ɗora kofin kofinsa a kai.

Ranar Laraba na yi abin da har yau in na tuna nakan ji kunya da dariya tare. Na ƙirƙiro masa labarin wani magini a unguwarmu da ya cire azara ya sa dogayen ƙarafa a rufi, bai sake duba kaurin bango ba, damina ɗaya bangon ya buɗe. Na ba da labarin a hankali, ina kallonsa. Ya yi dariya har da buga gwiwarsa mai lafiya, ya ce labarin ya yi daɗi, a ko'ina akwai irin wannan magini. Da ɗan gidanmu ne, da tun ranar Litinin ya gane. Shi kuwa mutumin da ya saba in ana son gaya masa abu a gaya masa ne. Na koma ofis raina a ɓace, har ina jin haushinsa, wai ya ƙi ganewa.

Zaman bita yana da al'adarsa a kamfaninmu. In an gama bayani, manaja yakan zagaya tebur, ya kira kowa da sunansa, ya tambaye shi ko akwai abin da ya sani wanda ya kamata sauran su sani. Dole ka amsa da bakinka, ba a karɓar gyaɗa kai, sannan ka sa hannu. Ranar Alhamis aka zagayo kaina. Dattijo yana zaune daura da ni, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan wata kujera, mutum goma sha huɗu suna ɗakin. Na ce, "Babu." Na sa hannu.

Ba wai na yi niyyar barin jirgi ya tafi haka ba ne. Dabara na ƙulla, kuma a lokacin gani nake ta yi kyau. Na buɗe jadawali na biyu, nawa ni kaɗai, na sa adadin gaskiya a ciki. Na ce zan bi jirgin lungu-lungu in samo tan goma sha ɗaya da za a iya ragewa a wasu wurare na sama, in cike ramin a hankali. In ramin ya cika, sai in gyara adadin hasumiya cikin sauran gyare-gyare, jimla ba ta motsa ba, ba wanda ya ji kunya. Rufin asiri ke nan kamar yadda na san shi.

Sati bakwai na yi ina wannan farauta. Na zama kamar mai tsintar hatsi a masussuka. Na matsa wa masu wayoyin lantarki su gajarta hanyarsu, na sa masu na'urar sanyaya ɗaki suka sauko da wani injin hawa ɗaya, na yi rigima da wani a kan ƙarfen tsani. Mutane suka ƙara gudu na. Abin da na iya tarawa duka bai kai tan huɗu ba. Kuma kullum ƙarfe sha biyu yatsu biyu su ƙwanƙwasa teburina, in ɗauki abincina in bi shi, mu zauna yana ba ni labarin jikokinsa, ni kuma maganar tana cikina kamar na haɗiyi dutse. Kowace rana da ta wuce, faɗar ta ƙara wuya. A satin farko zan iya cewa yanzu na gani. A sati na biyar me zan ce?

Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da ƙaryar ta ladabi ce. A sati na bakwai masu jirgin suka zo da kansu, hafsoshi uku cikin kaki, shugabarsu wata mace mai magana a taƙaice. Suna son a canza rada, a sa wata sabuwa da ta fi girma, a can saman hasumiya. Manaja ya buɗe jadawalina a allo, na hukuma, ya nuna rara da alƙalami, ya ce ga dukkan alamu akwai wuri. Sannan ya juyo ya ce, "Ko ba haka ba?"

A nan dabara ta ƙare. In na ce haka ne, za a ɗora nauyi a kan rarar da babu ita, kuma wata rana 'ya'yan mutane za su shiga teku a cikin wannan jirgi. Na miƙe tsaye, ko da yake ba a miƙewa a irin wannan zama. Na ce babu wuri. Na ce adadin hasumiya na alminiyam ne, ita kuwa ƙarfe ce, bambancin tan goma sha ɗaya. Abin da na guje wa faɗa a gaban mutum ɗaya, ga shi na faɗa a gaban baƙi masu kaki.

Ban iya kallon Dattijo ba sai ta gefen ido. Ya jawo zanen, ya juya bayan wata takarda, ya yi lissafi da fensir kamar minti biyu. Sannan ya ɗago ya ce, "Gaskiyarsa ne. Ni na sa hannu, kuskurena ne. Madalla da aka kama." Haka kawai. Ko launin fuskarsa bai canza ba. Har ya ɗan yi mini murmushi irin na malamin da ɗalibinsa ya burge shi. Na tsaya sororo. Ashe abin da na shafe sati bakwai ina kare shi daga gare shi, a wurinsa bai fi cizon sauro ba.

Sai shugabar hafsoshin ta tambaya, ba da wata manufa ba, tana rubutu, "Yaushe aka gano?"

Da na iya cewa jiya. Amma jadawalina na biyu yana cikin kwamfutar kamfani da ranar da aka buɗe shi, kuma ko ba don haka ba, na gaji. Na ce, "Sati bakwai ke nan. Kafin zaman bita."

A lokacin ne murmushin ya bar fuskarsa. Ya cire tabarau, ya dube ni.

Ba a kore ni ba. An ba ni takardar gargaɗi, an sa wani ya riƙa bin jadawalina, kuma na cancanci duka biyun. Aka ɗage maganar sabuwar rada, aka koma aka sake zanen hasumiyar, aka rage mata tsayi, aikin wata da watanni ya koma baya. Duk wannan bai hana ni cin abinci ba. Abin da ya hana ni shi ne washegari ƙarfe sha biyu ta yi, ta wuce, ba wanda ya taɓa teburina.

Ranar Asabar na ɗauki mota na nufi Woodbridge, garin da Dattijo yake zaune. Na san gidansa daga katin gaisuwar ƙarshen shekara da yakan aiko mini. A gida, in ka yi wa babba laifi, wani babban kake nema ya raka ka ban haƙuri. Ni ba ni da wanda zan ɗauka, sai na tafi ni kaɗai, ban kuma yi waya ba, don a ganina ban haƙuri ba a neman masa izini. Cunkoson babbar hanyar 95 ya riƙe ni kusan awa biyu, ina ta maimaita abin da zan faɗa. Na same shi a ƙofar gida yana share ganyen da ya zuba. Na fito daga mota, na isa gabansa, na durƙusa a kan siminti.

Ya yar da abin sharar. "Tashi, don Allah tashi! Maƙwabta za su ɗauka zuciyarka ce ta buga."

Na tashi. Na ce na zo ba da haƙuri ne a kan kunyar da na ba shi a gaban baƙi.

Ya ce, "Wace kunya? Ka ga, har yanzu ba ka gane ba." Ya zauna a kan matakalar ƙofa, ya miƙe ƙafar nan. Bai ce in zauna ba, bai kuma ce kada in zauna ba, sai na tsaya. "Shekara talatin da wani abu ina kuskure ana kama ni, ina kama na wasu. Aikin ke nan. Ba wanda ya isa ya zana jirgi shi kaɗai. Ina sa hannu da ƙarfin gwiwa ne saboda na san akwai mai dubawa a bayana, kuma tun da ka zo na ɗauka kai ne. Ashe sati bakwai ina tafiya ba kowa a bayana ban sani ba."

Na ce, "Sa, na gwada gaya maka. Takardar da na ajiye, da labarin maginin nan..."

Ya dube ni, sai na ga ya tuna. Ya girgiza kai a hankali. "Wato kana zaune kusa da ni kana ba ni tatsuniya, kana jira in gane. Kamar yadda ake yi wa wanda hankalinsa ya fara tafiya."

"Ba haka ba ne. A wurinmu girmamawa ce. Ba a tsiraita babba."

"Na yarda da kai," in ji shi. "Na san ba mugunta ba ce. Amma yaran da za su kwana a cikin jirgin nan ba su san wurinku ba. Ni kuma abin da na ji shi ne ka auna ni, ka yanke cewa na tsufa da jin gaskiya. Matasan ofis suna faɗa a bayana, wannan bai dame ni ba. Kai ne ban zata ba."

Matarsa ta leƙo ta kawo mini ruwa a kofi, na sha a tsaye, na gode. Ya ce in kula da hanya, cunkoson yamma ya kusa farawa.

Bai taɓa wulaƙanta ni ba bayan haka, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Kullum yakan gaishe ni da safe. In ya ga kuskure a aikina ya gaya mini kai tsaye, in na ga nasa in gaya masa a take, ya ce na gode. Na koyi darasin sarai, sai dai na koye shi bayan wanda zai amfana da shi ya rufe ƙofa. Abincinsa ya koma ci a ofis. Da can ya ce saura shekara biyu ya huta, amma sanyi na wucewa ya ajiye aiki. A satinsa na ƙarshe ya fito da lissafinsa na ƙarshe a hannu yana neman mai dubawa. Ya zo daidai teburina, ya ɗan tsaya, har na ture kujerata baya. Sai ya wuce ya miƙa wa wata matashiya da ke tebur na biyu daga nawa. Na shiga banɗaki na daɗe ina wanke fuska.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan tafiyarsa na kira mahaifina a Zariya. A nan hantsi ne, a can sun idar da la'asar. Ba zan iya yi masa maganar jirgi ba, sai na ba shi labarin a dunƙule: wani dattijo a wurin aiki, mai kirki, ya riƙe ni kamar ɗa, ya yi kuskure, na yi shiru ina neman gyarawa a ɓoye, abin ya fito. Ina so ne wani ya yi mini faɗa da harshen da nake ji har cikin ƙashi.

Baba ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "To ai ka kyauta. Haka ɗan halak yake yi. Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa masa."

Na ce, "Baba, shi fa bai ɗauke shi haka ba."

"Zai gane daga baya. Babba ba ya manta wanda ya kare mutuncinsa. Irin wannan mutum kada ka sake shi, ka ji ko? Ka gaishe mini da shi da kyau, ka ce na gode da riƙon da ya yi maka."

Na ce, "Zai ji, Baba."

Shekaru sun wuce yanzu. Gaisuwar tana nan wurina, ban sami hanyar kai ta ba.